Sabarar Kusurwar Gabas

Ranar Talata hukuma ta miƙa tsohuwar maƙabartar garin ga jama'a. Wani ma'aikaci ya zo daga Shagari da takarda, aka sa hannu, aka yi fatiha, ya koma kafin la'asar.

Malam Ummaru, tsohon malamin Larabci, shi ya yi shekara tara yana rubuta wasiƙun neman haka. Shi kuma ya tsara wa kwamitin maƙabartar dokoki, har da ta uku: ba a sa wa kabari alama, attajiri da talaka ƙasa ɗaya ce. Ya kawo hujjoji daga littafi huɗu, ba don an nema ba.

Abin da bai rubuta ba shi ne sabarar da ke kusurwar gabas. Kabarin matarsa Sa'adatu ya daɗe da shafewa, ruwan damina goma sha biyu ya daidaita shi da ƙasa. Sabarar nan da ta tsiro a gefensa ita kaɗai ke nuna masa inda zai tsaya ran Juma'a. Hukuma ba ta taɓa nome wurin ba, kuma wannan ne kawai alherin da ta yi masa.

Ran Asabar aka yi gayya. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, magidanta suka jeru da adduna da diga, suna sharewa daga yamma.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Zayyanu, shugaban kwamiti, yana share gumi, "kai ka rubuta, mu munka aikata. Ko tsinke ba mu bari."

"Na gani. Da haka kuka riƙe karatu, da na huta tun tuni."

Aka yi dariya. Layin ya ci gaba da matsawa gabas. Malam Ummaru yana ƙirga takun da ya rage su kai ga sabarar: ashirin, sha biyu, bakwai. Ya miƙe, ya dogara sanda.

"Zayyanu."

"Na'am, Malam? Akwai gyara?"

Duk aka tsaya, kowa ya juyo. Rabinsu ɗalibansa ne, kuma jiya ya karanta musu doka ta uku da bakinsa.

"Ku tono har saiwa," ya ce, "in ba haka ba tana sake tohowa."

Diga uku suka ishe ta. Aka ja ta zuwa tarin da za a ƙona, aka baje ramin da ƙafa.

Ya koma tabarma ya zauna da maganar da ya tashi faɗa: ku bar mini wannan, Sa'adatu tana nan.