Likkafanin Gwadabe Bai Kai Ba

"Yadin nan bai kai ba," in ji Liman Usaini.

Ya sake shimfiɗa shi a kan tabarmar zaure, ya ɗora karan dawar da aka auna tsawon mamacin da shi. Ƙyalle biyu sun fita daidai. Na ukun ya gaza da kamu biyu.

Gwadabe maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a Gafasa. Ya cika bayan sallar asuba, kuma an riga an sanar da jana'iza ƙarfe goma. Shekara talatin yana gadin firamaren unguwarmu, inda na koyar da tarihi har na gaji da yara, su ma suka gaji da ni. Kowa ya san tun tuni ya sayi likkafaninsa a kasuwar Gaya ya ajiye a akwati, ya kuma rantse ba za a binne shi da yadin sadaka ba.

"Almakashi ne ya taɓa shi," in ji liman, yana shafa bakin yadin. "Yankan ma sabo ne."

Wani daga bayanmu ya ce, "Sai a tambayi cikin gida. Ka san mata da farin yadi."

Ya faɗa da ƙarfin da zai tsallaka katanga, ya kuma tsallaka. Na ji kukan Hanne, matar marigayin, ya tsaya cak.

Na tashi na je bakin ƙofar cikin gida, na yi sallama. Ba tausayi ne ya kai ni ba. Tun rasuwar matata Barira na daina ɗaukar wannan kayan. So nake in san abin da zai sa mutum ya yi shekara ashirin yana gadin ƙyalle daga gara da ɓera, sannan ƙyallen ya ragu.

"Malam, wallahi ban taɓa akwatin nan ba," in ji Hanne daga bayan labule. "Makullin ma a wuyansa yake kwana."

"Ya nemi almakashi kwanan nan?"

"Ya nema. Da allura. Na ce me za ka ɗinka, kai da hannu ke rawa? Ya ce aikin gwamnati ne, ba na mata ba."

Nan take na tuna da zamanmu na mako uku da suka wuce. Ya fito dogare da sanda, ciwon ya riga ya cinye shi, ya zauna a dakalina ba tare da na ce ya zauna ba.

"Malam Inuwa, farin tuta da korenta faɗinsu ɗaya ne?"

"Ɗaya ne. Kashi uku daidai."

"Me farin yake nufi?"

"Zaman lafiya. Kore kuma noma. Ka ga noman muna yi."

Bai yi dariya ba. Na ba shi labarin ɗalibin da ya zana ta yana karatu a Landan, shekara guda kafin 'yancin kai, aka zaɓi tasa cikin zane sama da dubu. Na gaya masa a zanen farko akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta.

"Suka cire rana?" Ya gyara zama. "Me ta yi musu?"

"Kwamiti ne, Gwadabe. Ba sai ka yi masa komai ba."

"To ina suka kai ta?"

Na karanta littattafai da yawa, babu wanda ya yi wannan tambayar. Sai ya ce tutar makaranta ta yage daga tsakiya, damina ta cinye farin, hedimasta ya rubuta takarda sama har sau biyu, ga ɗaya ga Oktoba ta matso. Na ce ya bar ta a yage, ta fi kama da ƙasar. Ya tashi ya tafi bai yi mini sallama ba.

Na koma zaure na ce wa liman, "Allah gafarta Malam, a taso a ga wani abu."

Daga ƙofar gidan ana hango makarantar, bayan gonar gyaɗa. Tutar na sama. Koren gefe biyun ya koɗe, ƙyallen tsakiyar kuwa fari tas.

"Ga kamu biyunku can," na ce, da ƙarfin da zai tsallaka katanga.

Mai maganar mata da farin yadi ya shiga gyara hularsa. Liman ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah. To a sauko da ita a farke?"

"Ɗinkin mai rawar hannu ne, mako guda ya yi a kansa," na ce. "Wa zai farke?"

Babu wanda ya motsa. Na shiga gidana na buɗe akwati. Ranar da Barira ta rasu na sayi yadin mutum biyu, don ban yi zaton zan daɗe haka ba. Na kawo nawa na ajiye gaban liman.

"Malam, ya rantse," in ji Hanne daga ciki. "Ban da sadaka."

"Ba sadaka ba ce. Shi ya haƙa kabarin Barira, cikin ruwan sama, ban ce masa ko sannu ba. Yau na ce."

Liman ya sa almakashi. "Naka fa zai gaza."

"Ni gajere ne."

Ƙarfe goma da 'yan mintuna muka sallace shi.

Da yamma na bar zaman makoki na bi ta gonar gyaɗa. Ƙa'ida ita ce a sauke tuta ƙarfe shida, amma mai saukewar yana maƙabarta. Na tsaya a gindin sandar ina duba ɗinkin. Karkatacce ne, zare baƙi, wani wurin ya maimaita sau uku. Iska ta ɗaga ƙyallen ya miƙe. Rana tana gab da faɗuwa ta bayansa, ja wur, daidai tsakiyar farin.