Yaya Maulud da Birar Kabewa

Aikin Mujtaba a Riyad shi ne yawo da kaya kanti-kanti. Mandub ake ce wa irinsu: kamfani ya ba ka mota da samfur, kai kuma ka je ka lallaɓa masu shaguna su karɓa. Ya tallata man zaitun, ya tallata wani biskit da ko 'ya'yansa ba sa ci, bai taɓa jin nauyin bakinsa ba. Amma kayan da manaja ya ɗora masa a farkon sanyin bana sun so su gagare shi.

Bira ce. A Saudiyya haka ake kiran ruwan sha'ir ɗin nan marar sa maye, wanda ake jerawa a firjin kowane shago kusa da lemo, tsoho ya saya, yaro ya saya. Sai dai wannan ta fita daban. Wani ƙaramin kamfani ne ke dafa ta kaɗan-kaɗan, an haɗa ta da kabewa da kirfa da citta da kanumfari, an ɗura a baƙar kwalba mai dogon wuya, an manna mata hoton kabewa tana murmushi. Mujtaba ya kurɓa sau ɗaya a ofis, ya ji kamar an zuba zuma a miyar taushe aka sa a firji. Ya haɗiye ne kawai don manaja na kallonsa.

Masu shaguna ma ra'ayinsu ɗaya da shi. Da sun ji sunan kabewa sai su tura masa kwalbar, su ce Allah ya kawo kasuwa. Daga ƙarshe manaja ya kira shi ya ce saura wuri guda, babban kantin Abu Turki da ke unguwar Malaz. In kayan sun shiga can, to. In ba su shiga ba, za a sake duba maganar sabunta kwantiraginsa. Ya ba shi katan ɗin samfur na ƙarshe. Mujtaba ya kai shi gidansa a unguwar Suwaidi, ya jera kwalaben a firji don su yi sanyi kafin ranar ganawa.

A makon ne Yaya Maulud ya sauka.

Yaya Maulud yayan Shafa'atu ne, matar Mujtaba, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu. Tsohon duba-gari ne a Gusau. Ya yi ritaya da daɗewa, amma idonsa bai yi ba. Ya gama Umara, ya biyo ta Riyad don ya ga yadda ƙanwarsa ke zaune. Tun kafin ya ajiye jaka ya leƙa magudanar banɗaki, ya shafa yatsa a saman taga ya duba, ya buɗe kwandon shara ya rufe. Da ya zo kan firji sai ya tsaya cak.

"Shafa'atu."

"Na'am, Yaya."

"Kira min mijinki."

Mujtaba ya fito daga ɗaki yana gyara hula. Ya tarar da surukinsa riƙe da kwalba da yatsa biyu, nesa da jikinsa, kamar ya tsinci mushen ɓera.

"Mene ne wannan?"

"Ai bira ce, Yaya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Kuma da bakinka kake faɗa? A ƙasa mai tsarki?"

Mujtaba ya yi ta bayani. Ya nuna masa inda aka rubuta babu barasa ko ɗigo, da Larabci da Turanci. Ya ce kowane shago a layin nan yana sayar da irinta, har limamin masallacinsu yakan sayi mai ɗanɗanon tuffa. Yaya Maulud ya sa tabarau, ya karanta takardar jikin kwalbar tun daga sama har ƙasa, ya juya ta ya sake karantawa.

"Takarda ce," ya ce. "Na sha kama gwangwani an rubuta masa lafiya lau, cikinsa kuwa tsutsa. Ni ba na yanke hukunci da takarda. Ba ni kofin gilashi."

Shafa'atu ta kawo. Ya zauna a kujerar falo, ya naɗe hannun riga, ya buɗe kwalbar. Ta yi ɗan huci. Ya tsiyaya a hankali, ruwan ya sauka ja-ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, kumfa mai kauri ta taso ta tsaya a bakin kofin. Ya ɗaga shi saitin taga ya duba ko da gurɓata. Ya kai hanci. Ya janye, ya sake kaiwa, wannan karon ya ɗan jima.

"Akwai kanumfari," ya ce da murya irin ta mai rubuta rahoto. "Akwai kirfa. Wannan duk dabarar ɓoye wari ce."

Ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, kamar bai tabbatar ko ta halatta a wurin ba, ya kurɓa. Ya riƙe a baki, kumatu a kumbure, ido a rufe. Sannan ya haɗiye. Mujtaba yana jiran ya nemi wurin tofarwa, har ya matso da kwandon shara da ƙafa.

"Zaƙi ya yi yawa," in ji Yaya Maulud. Ya sake kurɓa. "Kuma tana da ƙarfi. Cittar ba ta fitowa sai ta wuce maƙogwaro, sannan ta dawo ta ƙirji." Ya sake kurɓa. "Kabewar kuma gasassa ce, ba dafaffiya ba. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi. Shi ya sa nake tsoronsa."

Ya ajiye kofin babu komai a ciki. Ya goge kumfar da ta maƙale a gashin bakinsa.

"To Yaya, ka ga dai ba komai," in ji Mujtaba.

"Ban ce ba. Kwalba ɗaya ba ta isa hujja. Sai an ga abin da take yi wa jiki."

Bincike ya ci gaba. Mujtaba yana fita aiki da safe, ba ya dawowa sai bayan la'asar, don haka Shafa'atu ce shaida. Yaya Maulud ya gwada ta da sanyi, ya gwada ta bayan ta huce. Ya gwada kafin abinci, ya gwada a kan tuwo. Bayan kowace kwalba yakan miƙe ya bi layin tayil ɗin falo daga ƙofa zuwa taga, ya ga ko zai karkace, sannan ya karanta Fatiha ya ji ko harshensa ya yi nauyi. Bai karkace ba, harshen ma lafiya. Wannan bai kwantar masa da hankali ba.

"Irin wannan a hankali take kama mutum," ya gaya wa ƙanwarsa.

"Haka ne, Yaya," ta ce. "In ƙaro ƙanƙara?"

"Kaɗan."

Ta so ta gaya wa mijinta, amma ta rasa ta inda za ta fara kai ƙarar mutumin da ya aurar da ita. Shi kuma Mujtaba bai leƙa firjin ba, don ko ganin kwalaben ba ya so.

Ranar ganawa da safe ya buɗe don ya kwashe samfur. Ya ga madara, ya ga tumatir, ya ga ragowar miya. Ya rufe, ya sake buɗewa.

"Shafa'atu, ina kayan mutane?"

Ta nuna falo da haɓa. Yaya Maulud yana zaune cikin babbar riga fara, ya sha hula, wuyan kwalba guda ya leƙo daga aljihunsa.

"Na kammala," ya ce. "Ba ta sa maye, wannan na tabbatar. Amma ban ce a sha ba. Abin da zai sa dattijo ya riƙa tunanin firji yana cikin lazimi, ba abin alheri ba ne. Wannan da ta rage zan riƙe ta a matsayin shaida. Kuma zan bi ka wurin mai kantin nan. Amana ce in gaya masa abin da zai sayar wa bayin Allah."

Mujtaba ya dubi matarsa. Ta duƙa tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ya buɗe baki, ya tuna wanda yake magana da shi, ya ce, "To, Yaya. Mu je kada mu makara."

Suka kama hanya. Yana tuƙi yana tunanin yadda zai gaya wa yara cewa makarantar baɗi a Gusau za a yi ta.

Abu Turki mutum ne mai ƙiba da sanyin magana, ofishinsa a bayan kanti, tsakanin buhunan shinkafa. Ya sa aka kawo gahawa da dabino. Mujtaba ya karɓi kwalbar daga hannun surukinsa da ƙyar, ya ɗora a tebur, ya fara karanto abin da ya haddace: sabon ɗanɗano, kayan ƙamshi na asali, matasa na so. Abu Turki yana gyaɗa kai, idonsa a kan waya. Da Mujtaba ya kai kan kabewa sai ya ɗago.

"Kabewa? A bira? Ya akhi, kabewa ta miya ce."

Ya sa yatsa ya fara tura kwalbar. A nan Yaya Maulud ya yi gyaran murya.

Larabcinsa na zaure ne, wanda ya koya a gaban malami, kowace kalma da wasalinta har ƙarshe. Ya fara da hamdala da salati kamar mai huɗuba. Abu Turki ya ajiye waya.

"Ya kai ɗan'uwa mai daraja, ina yi maka gargaɗi game da wannan abin sha. Farkonsa zaƙi ne mai yaudara, kamar zumar da aka ɗiga a kan gasasshiyar kabewa. Mutum zai ce ya gane shi, ya raina shi. Sai kirfa ta biyo baya. Sai kanumfari ya zauna a kan harshe ya ƙi tashi. Kana cewa an gama, sai citta ta taso daga ƙirji ta ɗumama ka har kunnuwa. A ƙarshe kuma akwai wani ɗan ɗaci, siriri, wanda ba ya barin mutum sai ya nemi kurɓa ta biyu don ya kashe shi. Ta biyun kuma ta bar nata. Wallahi na ga mutum mai hankali, mai iyali, ya tashi daga barcin rana saboda shi."

Abu Turki ya dube shi da kyau. "Ya shaikh, kai ka sha?"

"Don bincike."

"Guda nawa?"

Yaya Maulud ya dubi silin. Mujtaba ya ce a hankali, "Katan ne, ban da wannan."

Abu Turki ya yi dariya har sai da ya dafe tebur. Ya jawo mabuɗi ya fasa kwalbar, ya tsiyaya a ɗan kofin gahawa, ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse. Ya yi sauri ya jefa dabino a baki.

"A'uzu billahi. Wallahi ba daɗi." Ya miƙa wa wani ma'aikacinsa sauran, ya ce ya zubar. Yaya Maulud ya bi kwalbar da ido har ta fita ƙofa. Abu Turki ya ga wannan kallon, ya juya wurin Mujtaba. "Ni ba zan sha ba ko kyauta. Amma abin da ya yi wa wannan dattijo haka, zai yi wa wasu. Ka kawo. Sharaɗi ɗaya: duk yammacin Alhamis ka kafa tebur a bakin ƙofa, kana ba mutane suna ɗanɗanawa. Kai ma kana sha a gabansu, don su saki jiki."

A mota Yaya Maulud ya daɗe yana kallon titi.

"Ka gani ko?" ya ce. "Ka yi wa mutum nasiha tsakani da Allah, ya yi maka dariya. Ni dai na fita."

"Ka fita, Yaya. Allah ya saka da alheri."

"Kuma almubazzaranci ne zubar da abin da aka riga aka buɗe."

An sabunta kwantiragin Mujtaba. Manaja ya yabe shi a gaban sauran ma'aikata, ya ce tunda shi ne ya fahimci wannan kaya, daga yau duk wani abin sha mai kabewa nasa ne. Duk Alhamis yana tsaye a ƙofar kantin Abu Turki da ƙananan kofuna, yana kurɓa yana murmushi, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Yaya Maulud ya koma Gusau. Ba a jima ba matarsa, Anti Rabi'atu, ta kira Shafa'atu a waya.

"Ke, me kuka ba Yayanku a can?"

"Lafiya dai, Anti?"

"Ina fa lafiya. A majalisa ba shi da zance sai fitinar da ya gano a Riyad, yana ta jan kunnen mutane. A gida kuma ya sayo kabewa ya cika min kicin, yana gasawa a murhu, yana dakawa da citta, yana zubawa a lemon malta. Jiya tukunyata ta ƙone. Na yi magana, ya ce so yake ya gane yadda suke haɗa ta don ya san abin da zai hana."

"Ya gane ɗin?"

"Ya ce saura kaɗan. Ga shi nan ma yana miƙo hannu, wai ki tambayi mijinki ko kirfar gari suke sawa ko ta itace."