Ranar da San Isidro Ya Amsa

"Riƙe shi ta kafaɗa, Nibaldo, ba buhun masara ba ne," in ji Doña Zunilda, matar maƙwabcina.

"Ƙyale shi, Zunilda. Buhun masara ya fi ni nauyi yanzu," mijinta Don Baldomero ya amsa daga cikin bargo, tari ya sarƙe shi.

Muka kwantar da shi kan katifa a bayan a-kori-kurata, wadda na saba kai cukun awaki garin Ovalle da ita. Ƙuruciyarsa duk a ramin haƙar jan ƙarfe ta ƙare, ƙurar ramin kuma ta cinye masa huhu. Da ya bar aiki sai ya koma kallon sama. Ya ce ya ga cikin ƙasa ya ishe shi. Kullum da magariba yakan yafa wa fitilar ƙofarsa jan ƙyalle, ya leƙo ta katanga ya ce in kashe tawa, wai ina ɓata wa mutanen kan dutse duhunsu.

A kan dutsen nan akwai ɗakin kallon taurari. In wata ya ɓace, sukan bar masu sha'awa su hau bi da bi su leƙa babban madubin. Layinsa ya faɗo ranar Alhamis ɗin nan. Likita ya riga ya sallame shi ya dawo gida, duk mun san ma'anar hakan. Abu ɗaya ya roƙa: ya sake ganin tauraruwa Zuhal da zobenta.

Mu kuwa sauran mutanen ƙauye ruwa muke roƙo. Shekaru ke nan sama tana nan tas kamar an wanke faranti, awakina har kwali suke ci. Ranar Lahadin da ta wuce ni ne a gaba wajen ɗaukar mutum-mutumin San Isidro, waliyyin manoma, muka zaga da shi gonaki. Ba don na fi kowa imani ba, tsawona ne ya yi daidai da na sauran masu ɗauka.

Muna tsakiyar hawan dutsen a mota Zunilda ta ƙwanƙwasa gilashin baya. Na leƙa. Hadari ne ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin.

"Maƙwabci," Don Baldomero ya kira ni, "shekara nawa kuna jigilar waliyyin nan bai kula ku ba? Sai da ka sa taka kafaɗar?"

"Zai wuce, Don Baldo. Kullum haka yake mana, ya nuna fuska ya gudu."

"To taka mota, kafin ya gane kai ne."

Na taka. Motata in an taka ta ƙara take yi, ba gudu ba.

Muka iso rana na faɗuwa. Yasna, yarinyar da ke kula da wurin, ta tarye mu da bargo a hannu, yayyafi na sauka a gashinta.

"Don Baldo, ba zan iya buɗe rufin ba. Ɗigo ɗaya ya taɓa madubin, shi ke nan."

"Na sani, 'yata. Da kin buɗe, da ni zan fara zaginki."

Muka jira a ciki. Yasna ta dafa shayi, ba wanda ya sha. Ruwan ya tsinke a kan rufin ƙarfe har ba ma jin juna. Na yi ta fita ina duba sama ina dawowa a jiƙe, kamar akwai wanda ya naɗa ni wakili a can. Gaskiya kuma, rabin zuciyata tana wajen awakina tana murna, na rasa inda zan ɓoye ta.

Can ya ce, "Ku ɗaga ni. Na zo, sai na leƙa."

Ni da Yasna muka tallabe shi har ya ɗora ido a bakin madubin, rufi a rufe. Ya daɗe a haka.

"Me ka gani?" Zunilda ta tambaya a hankali.

"Abin da na saba gani a rami," ya ce. "Mu je gida, tsohuwa."

Da muka sauko, mutane na tsaye a ƙofofinsu cikin ruwa, yara na buga tukwane. Wani ya daki murfin motata yana ihu, "Nibaldo, kafaɗarka akwai albarka!" Na ɗaga masa hannu.

Washegari kwari ya cika da ruwa ya yanke hanyar dutse, ya yanke ta Ovalle. Yasna ta bugo waya ta ce da zarar sama ta washe, layin farko nasa ne. Zunilda ta yi godiya. Ni kuwa na zauna kusa da gadonsa ina canza bokiti a inda rufi ke yoyo, aikin da aka ga zan iya ke nan. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, ruwa bai ɗauke ba.

Ranar da muka binne shi sama ta koma tas. Da magariba na fito duba awaki. Can kan dutse an buɗe rufin. Zunilda ta fito ƙofarta riƙe da jan ƙyallen, ta hau kujera ta yafa wa fitilar. Na shiga na kashe tawa.