Sunan Aro A Takardar Soja

Saje Sanda ya bar soja da kunne ɗaya mai ji da gwiwa mai ciwo, ya zo Dubai yana gadin wani sito na tayoyi a Al Quoz. Yana cikin shekararsa ta huɗu a bakin ƙofar nan, a 2013, wata mata ta sauko daga bas da tsakar rana, ta tsallako titi tana kare fuska da jakar leda, ta tsaya gaban ɗakin gadinsa.

Ta ce, "Oga Saje, ba ka gane ni ba ko?"

Bai gane ta ba sai da ta yi murmushi ya ga wushiryar. Irene ce, Maman Felicity, matar Kofur Julius. Shekara shida suka yi ƙofa da ƙofa a bariki. Da can mace ce mai jiki, mai kunun zaƙin da sojoji ke yi wa layi bayan fareti. Yanzu ta zube, hannayenta duk sun yi fari-fari saboda ruwan wanke daɓe.

Ya ba ta kujerarsa, ya ba ta ruwa, suka gaisa. Ya ce, "Ina Kofur? Ko shi ma ya biyo mu ƙasar zafi?"

"Shekara uku ke nan da muka binne shi a Kagoro. Ƙoda ce."

Sanda ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mutumin nan shi ya goya shi a baya a Laberiya ranar da harsashi ya shige masa ƙafa.

Irene ta ce, "Wannan a ƙasa ke nan. A takarda kuwa yana nan da ransa. Yana nan unguwar Satwa yana gyaran esi, injin sanyaya ɗaki, kuma fanshonsa bai taɓa tsayawa ba."

Ga yadda abin yake. Sunan mijinta na gaskiya Edwin. Yana da shekara goma sha takwas ya so shiga soja, ba shi da takardar gama firamare, sai ya ari ta wansa Julius. Haka ake yi a lokacin, ba shi kaɗai ba. Soja ta rubuta Julius Dikko, ta ba shi lamba, ta sallame shi da sunan, fansho ya riƙa fitowa da sunan. A coci kuwa Edwin aka ɗaura wa aure, kuma Edwin likita ya rubuta a takardar mutuwa. Ana cikin zaman makoki wan ya buɗe akwati ya kwashe takardun soja, wai zai adana. Wata biyu bayan nan aka kira tantancewar farko ta ɗaukar yatsa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kamarsu ɗaya, hoton da ke fayil kuma na yaro ne. Julius ya je ya dangwala nasa yatsan. Tun daga nan duk ranar da aka kira tantancewa sai ya hau jirgi ya je ya nuna yana numfashi.

Ta ce, "Sau uku ina zuwa ofishin fansho. Na ƙarshe wani ya juyo mani da kwamfuta ya ce, Madam, ga mijinki nan, ko watan jiya ya karɓa, ki je ku shirya. Suka yi dariya. Wata mata ce ta ja ni gefe ta ce in nemo wanda ya girme shi a muƙami a bataliyarsu, ya yi rantsuwa cewa Julius na soja shi ne Edwin da ya mutu. Na nemi mutum huɗu. Biyu sun mutu. Ɗaya yana daji a Borno, wayarsa ba ta shiga. Ɗaya ya ce ba ruwansa. Felicity ta bar makarantar nas, ni ina goge bene a wata makaranta a nan. Kai kaɗai ka rage, Oga Saje."

Sanda ya daɗe yana kallon tirelar da ke juyawa a fili. Abin da Irene ba ta sani ba, shi ma sunansa ba Sanda ba ne. Ɗalhatu aka raɗa masa. Sanda ɗan kawunsa ne, yana can yana noman albasa, bai taɓa ganin bariki ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja yana amsa sunan, har matarsa ta manta ɗayan. Fanshonsa kuma shi ke riƙe da gidan, albashin gadi bai wuce magani da makarantar yara ba.

Ya ce, "Ba ni kwana biyu, Maman Felicity. Bari in ga mutumin da idona."

Ranar Juma'a bayan ya sauko daga masallaci ya shiga bas zuwa Satwa. Akwai wani fulat a saman shagon teloli inda wata mata mai suna Jummai ke tuƙa tuwo, mutanen gida na taruwa, masu fitowa daga coci da masu fitowa daga masallaci. Tun daga matakala ya ji muryar Julius, irin ta Edwin ce sak.

Julius na zaune a tsakiya, ya yi tumbi, ya sa kwat cikin wannan zafin. A ƙirjin kwat ɗin ga lambar yabo ta Laberiya tana lilo. Kowa sai kiransa yake Oga Soja. Yana riƙe da ƙashin rago yana nuni da shi.

Yana cewa, "A kan gadar nan, wuta ta gaba, wuta ta baya. Sajenmu ya faɗi, gwiwa ta fashe. Kowa ya gudu. Ni na koma na saɓa shi, mil biyu ina tafe da shi, jininsa har cikin takalmina."

Sanda ya riga ya kai loma ɗaya baki. Ya ji miyar ta zama kamar man inji a harshensa. Ya tura kwanon gefe, ya wanke hannu, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Oga Soja. Wace bataliya?"

Julius ya faɗa daidai. Ya dai karanta takardun.

"To, lambarka fa?"

"Lamba?"

"Lambar soja. Wadda ko a barci aka tashe ka za ka faɗa."

Julius ya fara, ya kawo biyun farko, ya tsaya. Hannunsa ya nufi aljihun da walat take.

Wani direba ya ce, "Haba Oga Soja, ko ita ma ta faɗa ruwa a gadar?"

Aka yi dariya. Sanda bai yi ba. Ya miƙe tsaye, ya karanto lambar daga farko har ƙarshe yadda ake kiranta a fareti, sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna tabon. Ya ce, "Wannan ce gwiwar. Wanda ya ɗauke ni yana cikin ƙasa a Kagoro. Kai ko buhun gero ban ga alamar ka taɓa ɗauka ba."

Jummai ta tsaya da ludayi a hannu. Julius ya ajiye ƙashin, ya goge baki a hankali, ya ce, "Saje, mu ɗan fita."

A matakala ba kunya a fuskar Julius ko ɗis. Ya ce, "Matar nan ce ta turo ka, na sani. To ka ji. Sunan nan nawa ne. Ni na zauna aji shida ina shan bulala, shi yana yawon harbin tsuntsu. Na ba shi takarda ya ci abinci da ita shekara ashirin. Ni kuwa ko masinja ban isa in nema a gwamnati ba, don sunana yana soja. Yanzu abina ya dawo hannuna, shi ne laifi? Kuma duk Kirsimeti ina aika musu shinkafa."

"Shinkafa."

"Rabin buhu, ƙwarai." Ya matso, warin turarensa da na miya suka haɗu. "Edwin ba ya ɓoye mani komai, Ɗalhatu. E, Ɗalhatu. Ka sa hannu da sunan Sanda, ni kuma in rubuta musu cewa mai shaidar ma na aro ne. Rantsuwarka ta zube, fanshonka ya bi ta. Ka yi shiru, kowa ya ci nasa. Khalas, magana ta ƙare."

Har ya dafa masa kafaɗa. Sanda ya sauka. A bakin titi ya tofar da yawu, ya tuna a garin nan ana cin tara a kan haka, ya sake tofarwa.

Kwana uku yana gadi yana juya maganar. Ba tsoron Julius ne ya fi damunsa ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne yadda mutumin ya haɗa su a kwano ɗaya, ya ce kowa ya ci nasa. Ko shayi ya saya wurin mai kafteriya sai ya bar shi ya huce.

Ranar Talata ya nemi hutun rabin yini, ya kira Irene, suka tafi ofishin jakadanci. Ma'aikaciyar da ke karɓar rantsuwa wata matashiya ce mai gilashi, Murjanatu. Ta ji bayani, ta duba takardun Irene, ta ce, "Baba, da Alƙur'ani za ka yi ko?"

"Da shi."

"To ka je ka yi alwala. Za ka faɗa in buga, ko za ka rubuta da kanka?"

"Rubutuna sai ni. Ki buga."

Da ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ta riga ta kwafo sunan daga fasfo. Ta karanta, "Ni, Saje Sanda, mai ritaya..."

Ya kalli Littafin a kan tebur. A hanya ya yi tunanin ya bar shi haka, wataƙila Julius baki ne kawai. Amma mutum ba ya ɗora hannu a kan wannan ya fara da ƙarya tun daga kalmar farko. Ya ce, "Goge. Sa: Ni Ɗalhatu ɗan Ɗantani, wanda ya shiga soja da takardar ɗan kawunsa Sanda, kuma soja ta san shi da wannan sunan."

Murjanatu ta ɗauke hannu daga kan na'urar. "Baba, ka san inda takardar nan za ta je? Ofishin da ke biyan ka ne fa."

"Na sani. Ba Makka na ce ki aika ba."

Irene ta kama bakin teburin. "Oga Saje, ban san haka ba ne. Wallahi ban sani ba. Mu bari. Kana da iyali."

"Zauna, Maman Felicity. Ba don ke kaɗai ba ne. Tun ranar da na ga lambar mijinki tana lilo a kan tumbin nan abinci bai zauna mani ba. Ina so in ci tuwo." Ya juya ga Murjanatu. "Buga, 'yata. Ki sa har da gadar."

Ya faɗi ranar da aka ɗauke su soja, da sunan da ake kiran Edwin a ɗaki, da ranar aurensa da ya je a matsayin abokin ango, da tabon ƙuna a hannunsa na hagu wanda ke rubuce a takardar likitan soja, Julius kuwa ba shi da shi. Ya ɗora hannu ya rantse. Ya sa hannu sau biyu, sunan farko yana karkacewa don ya daɗe bai rubuta shi ba.

Wata biyar aka yi. Sannan ofishin fansho ya kira Irene ta koma gida ta zo da yara da takardar aure, an rubuta Kofur Julius Dikko a cikin matattu, an buɗe mata fayil na matar mamaci. A makon ne matar Sanda ta bugo ta ce fansho bai shigo ba, ɗansu ya je ya tambaya an ce an dakatar sai an gama bincike. Ba wanda ya faɗi ranar gamawa.

Washegari da hantsi wata farar mota mai tsani a sama ta tsaya a ƙofar siton. Julius ya leƙo ta taga, ba kwat.

Ya ce, "Ka huta? Ni babu, kai babu. Wane irin wawa ne kai?"

Sanda bai tashi daga kujera ba. Ya ce, "Ina lambar yabon?"

Julius ya lalubo ta a gaban mota, cikin tarkacen wayoyi da ƙusoshi, ya wurgo ta. Ta faɗi a ƙasa kusa da magudanar ruwa. Ya ja mota ya tafi yana zage-zage.

Sanda ya yagi takardar jarida ya ɗauke ta da ita. Ƙyallen ya yi maiƙo, yana warin turaren nan. Jirgin Irene sai jibi, yana so ta tafi da ita. Ya kai lambar famfon bayan sito, ya samo sabulun da leburori ke wanke hannu, ya wanke ta, ya shinshina, ya sake wankewa.