Ragowar Sir Aubrey

A shekara ta uku da fara yaƙi ina wankin kwanuka a ɗakin cin abinci na majalisa. A gida kowa da katinsa na rabon abinci, ƙwai ɗaya ne a mako, shi ma in an samu. A majalisa ba a tambayar kati. Sai dai akwai ƙararrawa: da ta kaɗa, wakilai su ajiye cokali su ruga jefa ƙuri'a. In sun dawo, su ce a kawo sabon abinci, na farkon kuwa mu juye shi a garwar aladu.

Ran nan ta kaɗa ana tsakiyar abincin rana. Olive Tranter, mai kai abinci tebur, ta rufe kowane faranti, ta rubuta sunan mai shi, ta jera su a tanda.

"Korar ki za a yi, 'yar nan," in ji Mista Gedge mai girki.

"To a kore ni. Kai dai rage wutar."

Wanda ya fara dawowa Sir Aubrey Fenn ne, shugaban kwamitin da ke ɗauka da korar ma'aikatan kicin. Ta ajiye masa farantinsa.

"Mene ne wannan, Misis Tranter? Ragowa?"

"Taka ce, ranka ya daɗe. Ga ma inda ka yanka."

"Ni ban saba cin ɗumame ba."

"Mu ma da ba mu saba ba."

Wani ɗan adawa da ke shigowa ya tuntsire da dariya. "Ci mana, Aubrey! Ba ɗazun nan ka gama yi wa ƙasa wa'azin tsimi ba?"

Sir Aubrey bai kula shi ba. "Wa ya ba ki izini?"

"Babu kowa. Alkamar da ke cikin abincin nan ta teku take zuwa. Mijina yana cikin masu kawo ta, yau wata biyu ban ga wasiƙarsa ba. Hannuna ne ya ƙi juye shi a garwar aladu."

Daga bakin ƙofa nake kallo. Ya daɗe yana duban farantin, sauran wakilai na tsaye suna duban sa. Can ya ɗauki cokali ya kai loma, ya tauna a hankali.

"Dankalin ya bushe," ya ce. "Gobe ki ɗan yayyafa ruwa kafin ki sa a tanda."

Olive ta dawo kicin ta zauna a kan buhu. Ni da Mista Gedge muka fitar da sauran farantan.