Kwali Takwas a Sito

Sau uku Malama ta buga ƙofar sito da tafin hannu kafin tsohon da ke riƙe da makullai ya leƙo yana gyara hula.

"Baba, maganar littattafan nan dai."

"Malama, ni ɗan aike ne. Kwali takwas suna nan yadda aka kawo su. Shugaban makaranta ya ce kada a taɓa sai ranar da babban baƙo zai zo, a miƙa wa yara a ɗauki hoto."

"Wata huɗu ke nan ana jiran baƙon nan. Jarrabawa kuma saura mako uku."

"To ni ya zan yi? Wanda ya ajiye su, shi ya ajiye ni."

Ta juya ranta a dagule. Ita ke koyar da darasin gwamnati a ajin ƙarshe, yara sittin da biyu, littafi ɗaya tal, shi ma nata ne tun tana ɗaliba, bangonsa ya rabu da shi. Kullum sai ta kwafe babi guda a allo har kafaɗarta ta sage, na baya suna miƙa wuya suna cewa ba sa gani. Injin kwafin ofis kuwa tun bara ya zama wurin ajiye butar shayi.

Ba ta kai aji ba Shugaba ya ƙwala mata kira ta taga. Ko zama bai ce ta yi ba, ya turo mata wayarsa a kan tebur. Hoton wasiƙa ne zuwa ofishin ilimi kan littattafan da aka kulle a sito, ƙasanta cike da sa hannun yara.

"Ke kika sa su?"

"Ranka ya daɗe, aikin gida na ba su. Na ce kowa ya rubuta takardar koke zuwa wata hukuma, su koyi yadda ɗan ƙasa ke neman hakkinsa. Ban ce su aika ba."

"Aikin gida! A kai ni ƙara shi ne aikin gida? Sufeto na tafe da sha biyu. Ki karɓi littattafan, ki ɗora wa kowa ɗaya a gabansa. Yana fita a tattara a mayar sito. Ɗaya ya ɓata, ki sani akwai makarantun da mota ba ta zuwa, kuma suna neman malamai."

Ta tuna mahaifiyarta da take kaiwa asibiti duk Laraba. Ta juya ta fita.

Da aka shigo da kwalayen, aji ya kaure da sowa. Wasu har shinshina takardar suke yi. Malama ta dubi monitar ajin, wata doguwar yarinya mai kaifin baki.

"Wa ya ce ku aika wasiƙar nan?"

"Malama, ke kika ce koken da bai isa inda aka nufa ba, gunaguni ne. Shi ya sa muka haɗa namu wuri ɗaya."

Lallai ita ta faɗa.

Sufeto bai iso ba sai ɗaya saura, waya manne a kunnensa, Shugaba na biye da shi yana murmushin da Malama ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ɗaga littafi ɗaya ya juya shi.

"Kowa ya samu?"

"E, mun samu!"

Monita ta ɗaga hannu, amma Shugaba ya riga ya tare gabanta da faɗin rigarsa. Sufeto ya sa hannu a wata takarda, ya yaba wa makaranta, ya fice. Duka-duka bai yi minti biyar ba.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba sai ga Baba a bakin ƙofa da kwali a hannu, yana kauce wa idonta. Wata yarinya a layin gaba ta rungume nata a ƙirji. Wani kuma ya duƙufa yana kwafar shafi da sauri, kamar mai ɗiban ruwa kafin a ɗauke famfo.

Malama ta daɗe tana kallon yaron nan.

"Ajiye wannan kwafar," ta ce. "Kowa ya ɗauki biro, ban ce fensir ba. Ku buɗe shafin farko, ku rubuta cikakken suna da aji. Aikin gida, babi na bakwai, tambaya ta ɗaya zuwa ta goma. Gobe da safe nake so."

Biro sittin da biyu suka hau aiki lokaci guda, sannan aka ji zuge-zugen jakunkuna.

"Malama, kin ɗaure ni," in ji Baba. "Me zan ce wa Shugaba?"

"Ka ce idan yana son a karɓe su, ya rubuto a takarda ya sa hannu, sai in karɓa."

Tsohon ya leƙa kwalin da babu komai a ciki, ya girgiza kai. "Wannan saƙon ya fi ƙarfin bakina."

"Gaskiyarka, Baba. Kawo."

Ta karɓi kwalin, ta kaɗe allin da ke hannunta, ta nufi ofishin Shugaba da kanta.