Inuwa a Ƙarƙashin Ƙafar Baba

Shekara shida Auta tana tsara wa mutane shafuka a kwamfuta, amma bangon littafin tunawa da mahaifinta ne ya nemi ya kayar da ita. Hotonsa mai kyau guda ɗaya ne tak, yana tsaye a shagonsa na kafinta. Ta yanko shi daga cikin katakai, ta ɗora a kan shuɗin bango, ta sa masa 'yar inuwa mai laushi a ƙarƙashin ƙafa. A allo kam, sai ka ce zai yi magana.

Da bugun gwaji ya fito daga injin ɗab'i, sai ga wani akwati dishi-dishi ya kewaye Baba, shuɗin ciki daban, na waje daban. Haruffan sunansa da inuwar ta shafa kuwa sun yi kauri kamar an sake bin su da biro.

Mai injin, wani tsoho da bai taɓa yabon aikin kowa ba, ya tura tabarau goshi. "'Yata, allo maƙaryaci ne. Shuɗin nan tawada ce ta musamman, ba ta shiri da inuwarki. Cire ta kowa ya huta."

Ta cire inuwar. Akwatin ya ɓace, ta kai wa Umma sabon gwajin tana murna.

Umma ta daɗe tana kallo. "Wannan ai ba ya taka ƙasa," ta ce a hankali. "Kamar ya riga ya tafi."

Maganar ta soki Auta har cikin rai. Shafi ta gyara, ta manta mutum ne a kai.

Washegari ta koma wurin mai injin ta janyo kujera. Ta mayar da shuɗin cikin tawada huɗun da injin ya saba bugawa da su, ta haɗe inuwar da bangon suka zama hoto guda, ta ɗago haruffan sama yadda ba abin da zai taɓa su. Gwaji uku tsohon ya buga yana mita.

"Taurin kan ubanki sak! Sati guda ya riƙe mini teburin nan saboda ƙafa ɗaya na rawa."

Ya buga na huɗu ba tare da ta roƙa ba, ya fito tas.

Umma ta goge hannu a zani kafin ta karɓa. Ba fuskar ta taɓa ba. Ta ɗora babban yatsa a kan 'yar inuwar.

"Yauwa," ta ce. "Yanzu ya tsaya."